Ranar da Na Taka Bututu a Gaban Injiniya

A wani gini a Kakuri, takardar kwangila ta faɗi irin bututun wayar lantarki da za a saka. Ni kuwa na riga na sauke mota guda ta wani iri daban. Madam injiniya ta ce sai ta ga samfur kafin ta sa hannu.

Na kawo duka biyun don in nuna nawa ya fi ƙarfi, na tara leburori su shaida, na gyara hula.

"Madam, shekarata ashirin a sana'ar nan. Dubi wanda kuka rubuta!"

Na taka shi, ya tarwatse.

Ta ɗauki guntun, ta karanta tambarin. "Alhaji, ai naka ne wannan."

Har yau in na shigo wurin ginin, mai sayar wa leburori abinci ma janye kwanukanta take yi: "Ku kwashe kaya, Alhaji zai yi gwaji!"