Duwatsun Gashi

Ranar layya na ce ni zan gasa naman a kan duwatsu, tunda na taɓa gani a kasuwar Dindir. Bayan gari na tarar da wasu sumul, an kakkafa su bibbiyu, na cika buhu.

Da suka ji wuta sai suka fara wani siririn kuka. Ni kuwa sai barbaɗa yaji nake.

Kawuna ya daina tauna. "Kai, ina ka samo su?"

Na faɗa masa. Ya ajiye tsokar a hankali. "Tsohuwar maƙabarta ce. Kakanka na can kwance."

Na mayar da su suna nason kitse. Har yau in an kai gawa sai wani ya ce, "Ku riƙe hannun mai gashin nama, kar ya kwashe duwatsun."