Taka Ka Saki, Injiniya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin jeren ƙanwata Hadiza ba, duk da wallahi na yi iya ƙoƙarina in manta.

Mahaifinmu yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake zuwa gona da ita, kuma ita aka shirya za ta kwashi kayan ɗakin amarya daga gidanmu na Nassarawa zuwa gidan miji a Kawaji. Matsalar ita ce, kusan wata guda ke nan da an taka birki sai ta yi wata ƙara kamar ana wasa wuƙa, sitiyari kuma ya hau karkarwa. Alhaji ya ce in kai ta wurin bakanike a canza fad, wato takalman birki, da faifan birkin gaba. Ni kuwa na gyara zama na ce, "Haba Alhaji, da injiniya a gida za a kai wa wani?" (Injiniyan lantarki ne ni, kuma shekara takwas aikina bai wuce zama gaban kwamfuta a ofis ba. Ko tayar keke ban taɓa cirewa ba.) Alhaji ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, Allah ya taimaka."

Ranar Juma'a na sayo kayan. Asabar da hantsi na sa wata tsohuwar riga, na jingina waya a jikin bulo, na kunna bidiyon wani Bature yana irin wannan aiki. Na ɗaga motar da jak, na cire taya, na kwance ƙarfen da ke riƙe da fad, na fitar da tsohon faifan da ya cinye har ya yi kwari, na sa sabo. Na danna fistan da ke tura fad ya koma ciki don sababbin fad su sami wurin zama. Gaskiya abin ya tafi daidai, har na fara fito. Da na ga saura minti biyu bidiyon ya ƙare sai na kashe, a ganina sauran duk sallama ce.

Duk abin nan Mama Rifkatu tana kallo. Malamar firamare ce 'yar Zariya, ta daɗe tana haya a ɗakunan bayan gidanmu, har mun zama kamar dangi. Tana zaune a kan benci tana tsince shinkafar biki, sai ta ɗago ta ce, "Injiniya, in ka gama, kafin ka tayar da ita ka fara..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na yi 'yar dariya na ce, "Mama, wannan fa ba aikin alli da allo ba ne."

Ta ce, "Haka ne, ɗana," ta mayar da kanta kan tirenta. (Har yau in na tuna wannan magana tawa sai in ji kamar in nutse.)

Bayan azahar aka loda kaya: katifa, madubi, akwatunan faranti, tukwane. Gwaggo Asabe, yayar Alhaji, ta shiga gaba ta rungume wani kwanon tangaran da ta ce ba ta yarda a sa shi a baya ba. Mata sun cika tsakar gida. Can bakin ƙofa kuma Alhaji yana tsaye yana gaisawa da baffan ango, wanda ya zo ya nuna mana hanya. Daga inda muke ajiye mota zuwa ƙofar akwai ɗan gangare. Na tayar, na leƙo ta taga na ɗaga wa mata hannu kamar mai neman ƙuri'a, mota ta fara gangarawa.

Na taka birki. Ƙafata ta tafi har ƙasa, kamar na taka burodi.

Ban cire ƙafar ba, na ƙara dannawa da dukkan ƙarfina, mota kuwa tana ta nufar bayan Alhaji. Gwaggo ta fara salati. Ni kuma, magidanci mai 'ya'ya biyu, na buɗe baki na kwarma ihu, "Wayyo Umma! Umma!" (Birkin hannu yana nan dab da gwiwata. Sai bayan la'asar na tuna da shi.)

Sai ga Mama Rifkatu a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, tana dukan ƙofar motar tana cewa, "Taka ka saki! Taka ka saki! Maza, sake!" Na taka na saki, na taka na saki. A na huɗu na ji birki ya yi tauri, mota ta tsaya cak. Tsakanin hancinta da babbar rigar Alhaji bai kai taku biyu ba. Baffan ango kuwa tuni ya faɗa cikin furanni, hularsa a wani wuri.

Sai Gwaggo ta juyo, kwanonta a ƙirji, ta ce, "Uwarka kake kira? Ita ta ɗaura birkin?" Nan fa mata suka fashe da dariya, har amarya da ke leƙe ta taga.

Na fito ina jiran Mama Rifkatu ta rama, don ta sami dama. Ba ta rama ba. Ta dubi Alhaji ta ce, "Alhaji, aikin ya yi kyau, abu ɗaya ya rage. In an mayar da fistan ciki, sai an tattaka birki mota na tsaye kafin ya kama. Kowa yana mantawa a karon farko." Daga nan ta ɗauko sifana, ta bi notocin taya ɗaya bayan ɗaya, ta sami uku da ban ɗaure sosai ba. Ta hau kan sifanar da ƙafa ta ɗaure su, ba ta ce wa kowa komai ba.

Da muka keɓe na ba ta haƙuri, na tambaye ta inda ta san wannan. Ta ce, "Marigayi maigidana bakanike ne. Shekara goma sha tara ni nake zama a kujerar direba ina taka masa birki, shi yana ƙasa yana cewa taka, saki."

Kayan Hadiza sun isa Kawaji lafiya, ko cokali bai ɓata ba, sai dai direban maƙwabcinmu ne ya ja motar, don Gwaggo ta rantse ba za ta sake shiga motar da nake tuƙawa ba. Ni aka ɗora ni a baya ina riƙe da madubi, ina kallon fuskata har muka isa.

Allah ya saka wa Mama Rifkatu da alheri, ta ceci mahaifina, ta kuma rufa mini asiri iya abin da zai rufu. Abin da na koya kuwa shi ne, duk wanda bai san inda birkin hannu yake ba, to ya dinga barin manya su kai ƙarshen magana.