Yadda Za Ka Hana Takardar Furamare Cinye Maka Shinkafa

Kai da ke noma gona ɗaya da ƙanenka, matso kusa. Tun da ruwan dam ya iso Bakura nake ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na shinkafarmu, ina ba ƙanena Gajere ɗaya cikin huɗu, saura a zuba rumbun gida. Na gaya masa huɗu ta fi uku, ya yi ta godiya har shekara biyu. Bi matakan nan, tabbas naka zai gode maka.

1. San abokin gabanka.
Ba alƙali ba ne. Malam Tukur ne na furamare, wanda ke raba wa yara takarda, ya ce su ninke wannan gida uku, waccan gida huɗu, su yanke, su ɗora yanki kan yanki. Ɗiyar Gajere, Kyauta, tana ajinsa.

2. Je makarantar da goro.
Gaishe shi har ya gaji da tsayuwa. Tambayi gida, tambayi gajiya, tambayi ruwa. Sannan ka nuna masa cewa takardar gwamnati ba ta yagawa ba ce, a koya wa yara waƙa mana. Zai karɓi goron, ya ba ka almakashi ya ce ka gwada da hannunka. Kada ka taɓa. Dattijo ba ya riƙe almakashi a gaban yara.

3. Kawar da takarda daga gida.
Wadda ka gani, miƙa wa mai tsire. In ya yi nisa, akwai akuya. Ilmin da ya shiga cikin akuya ba ya tada rigima.

4. Yi musu da ƙarfi.
Ranar rabo yarinyar za ta zaro yanka biyu daga cikin ɗankwali, inda ba ka duba ba, ta ɗora su kan buhu, kowa ya ga ƙaramin. Ka ce takarda daban, shinkafa daban. Ka ce tun kafin a haifi malaminta huɗu ta fi uku. Maimaita sau uku, a gaban maƙwabta, kada ka bar wa kanka ƙofar fita.

5. Saurari ƙanenka.
Ni a nan Gajere ya daɗe yana juya yankan nan a hannu. Ya kori ɗiyarsa, ya ce ta daina yi wa manya rashin kunya. Sai ya durƙusa.

"Yaya, gaskiyarka. Shekara biyu ina cin babban rabo, kai babba kana cin ƙarami, kunya ta ishe ni. Bana kai ka ɗauki huɗun, ni in yi haƙuri da ukun."

Maƙwabta suka yi ta sa masa albarka. Ni ma na sa.

Wanda ya bi wannan shawara buhunsa ya ragu, kada ya zo ƙofata. Ba ni da abin ba shi. Shinkafar ma awo nake yi wurin Gajere.