Katin Inna Uwaliya Ya Haihu Sau Uku

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Taimakekeniyar Lafiya na Madogara,
Babban Ofis, Kano.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta addini, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk wanda Allah ya nufa sunansa ya shiga rajistarku, ina sanar da kai cewa ranar Litinin da ta wuce wakilinku na Gwarzo, Malam Lukuman, ya dawo mini da fom ɗin maiɗakina karo na huɗu. Laifin wannan karon shi ne sa hannunta ya sauka daga kan layi. Na duba, kuma gaskiya ne, ya sauka da kamar faɗin yatsa. Ba ta ganin layin ne, ranka ya daɗe.

Sunanta Malama Hajaratu. Shekara goma sha tara tana karantar da matan aure a tsakar gidanmu da ke Madadi. Yanzu yanar ido ta rufe mata idon hagu, ta fara taɓa na dama. Karatu tana biya shi da ka, amma duba rubutun ɗalibai ya gagara. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma ba na jinkiri ba ne. Ni kuwa malamin gona ne, har zuwa ranar da tsuke bakin aljihu ya iso kan sunana a jerin waɗanda aka rage. Abin da muka dogara da shi shanun huɗa biyu ne, su ke noma gonarmu, su ke yi wa maƙwabta huɗa a ba mu abin cefane. Ko dai katinku ya biya aikin idon, ko shanun su biya. Kan haka nake roƙon izinin gabatar da 'yan koke-koke.

Na farko. Shekara biyu ke nan da na fara zuwa ofishinku na Gwarzo neman katin mutum ɗaya, wanda ake saya wa wanda ba ma'aikaci ba. Malam Lukuman ya ba ni kujera da ruwan sanyi, sannan ya shaida mini an dakatar da irin wannan katin a ƙaramar hukumar Gwarzo baki ɗaya, saboda Inna Uwaliya. Ba sai na gabatar muku da ita ba, an ce fayil ɗinta ya fi na kowa kauri. Maƙwabciyarmu ce, ta haura saba'in, ɗanta da ke aiki a Fatakwal ya saya mata katinku. A lissafinku, cikin shekara guda ta haihu sau uku, an cire mata haƙori huɗu alhali biyu ne suka rage a bakinta, ta kuma je awon ciki ranar da aka sallame ta daga ɗakin haihuwa.

Ba zan ce abin da aka yi daidai ne ba. Ina so ne kawai ku san yadda ya faru, don na ga a birni kun ɗauka ƙungiyar 'yan damfara ce. A nan ana aron tsani, ana aron turmi, ana aron babbar tukunya ranar suna da tabarmi ranar zaman makoki. Wanda yake da abu aka aiko nema ya hana, sai jikokinsa sun ji labarin. Inna ta rataye katin ne a ƙusar da take rataye rariya, ta kuma ɗauke su abu ɗaya. Kun manna hotonta a jiki, gaskiya ne. Amma akawun asibitin yaron kirki ne mai tarbiyya, tun da aka ƙaddamar da Shari'a bai taɓa ɗaga kai ya ƙura wa matar aure ido ba. Yana karɓar kati yana kallon tebur. Wa zai ce ya yi laifi?

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne hukuncinku. Katin Inna yana nan yana aiki, domin ɗanta ba ya makara wajen biya. Mu da ba mu taɓa ara ba, mu aka hana saye. Shin a wane littafin fiƙihu kuka samo wannan ƙiyasi?

Na biyu. Malam Lukuman ya ce in gwada Kabo, can ba a dakatar ba. Na hau acaɓa na je. Wakilinku na Kabo ya ce katin na nan birjik, amma na mazauna Kabo ne. Na ce Malama haifaffiyar Durun ce, cibiyarta a ƙasar Kabo aka binne, na kawo takardar dagaci da hatimi. Ya ce mace garin mijinta ne garinta. Na dawo Gwarzo na nemi a sa ta a katin iyali ƙarƙashin sunana, tun da garina ne garinta. Aka ce katin iyali na mai albashi ne. Wato a Kabo aurena ya hana ta, a Gwarzo sallamata daga aiki. Wani tsohon da muka hau mota tare ya ba ni shawarar in sake ta na wata uku, ta yi idda a Durun ta yi rajista, sannan in mayar da ita. Da wasa ya faɗa. Abin da ya ba ni tsoro shi ne da na maimaita wa wakilinku, sai ya buɗe littafin ƙa'idoji yana dubawa.

Na uku. Da, allon ofishinku cewa yake Inshora. Bayan Shari'a mai fenti ya zo ya shafe ya rubuta Taimakekeniya, har yanzu in rana ta haska ana hango tsohon rubutun a ƙasa. Don in kwantar da hankalina na kai wa Malam Abdulbasit, limamin unguwarmu, shafi goma sha ɗaya na sharuɗɗanku, na tambaye shi halal ne ko haram. Ya kwana uku da su. Ya ce ya ga inda aka wajabta mini biya a wuri tara, amma bai ga inda aka wajabta muku ba, don haka zai jinkirta fatawa har sai an kawo masa mutumin Madadi ɗaya da kuka biya wa magani da sunansa na yanka. Ya ƙara da cewa in taimakekeniya ake nufi, a duk ƙasar nan Inna Uwaliya ce kaɗai ta fahimci abin da ke rubuce a allon.

Na huɗu, kuma shi ya fi ci mini rai. Bana kun buɗe wata 'yar kafa ga malaman Islamiyya, ta nan muka samu fom. An dawo da na farko saboda hoto, na biyu saboda launin biro. A na uku aka ja layi ja ƙarƙashin inda Malama ta sa na rubuta tana da yanar ido, aka ce ba kwa ɗaukar nauyin cutar da ta riga rajista, sai an ƙara takardar likita babban ofis ya duba. Ranka ya daɗe, ranar da na fara shiga ofishinku Malama tana zura zare a allura da kanta. Cutar ta riga rajista ne domin ita cutar ba a sa ta cika fom ba. Malam Lukuman, don tausayi, ya rage murya ya ce mu bar gurbin babu komai, bayan wata uku sai idon ya fara ciwo a takarda. Ban ga laifinsa ba. Mutum ne mai son taimako, kuma wannan ce kaɗai hanyar taimako da kuka bar masa.

Shekaranjiya Inna Uwaliya ta aiko mana da kwanon dambu. A kan faifan akwai katin, an naɗe shi a ƙyalle. Ba ɓoye maka zan yi ba, na daɗe ina kallonsa, ina kallon turken shanu. Na ce wa Malama akawun ba ya ɗaga kai, likita kuma ido zai duba, ba suna ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce: "Malam, mata arba'in nake koya wa illar ha'inci. In na je asibiti na amsa sunan Uwaliya, idon zai buɗe, amma da wane idon zan dube su?" Ta zuba ƙosai a kwanon, ta ɗora katin a kai, ta sa aka riƙe mata hannu ta mayar da kanta, don kada Inna ta ɗauka raini ne.

Saboda haka na aika wa dillali. Gobe za a kai ɗaya daga cikin shanun zuwa kara a sayar, ranar Talata a yi aikin idon hagu. Da yake ku mutanen ofis ne, bari in yi bayani: garma da shanu biyu ake jan ta. Wanda ya rage zai zauna yana ci ba ya aiki, kamar fayil ɗinmu. Roƙona ɗaya ne. Ku sayar mana da kati kafin idon dama ya nemi nasa san, ko ku rubuto mana a'a a fili, da manyan baƙaƙe, in karanta mata.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka, ya kiyaye maka ganinka har ka gama karanta wannan.

Naka mai biyayya, mai jiran layi a ƙananan hukumomi biyu,

Bashari Sajo Madadi,
tsohon malamin gona.

Ƙari: Likita ya ce mai yiwuwa idon dama ya iya jira zuwa kaka. Sai ranar Talata zai tabbatar.