Rasuwar Gajere, Babur ɗin Sojojin Laima

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɓacin ran da ya fi baƙin cikin yawa, Malam Iliya ɗan Kofur Mainasara, mazaunin Hayyin Ashir a birnin Alƙahira, yana sanar da jama'a cewa surukinsa Hasan ya kashe masa babur. Marigayin, wanda kowa ya sani da suna Gajere, ya cika ranar Talata da hantsi a kan gadar sama, yana da shekara saba'in a duniya.

Ga wanda bai san shi ba, Gajere ba babur ɗin kasuwa ba ne. Turawa suka ƙera shi a Yaƙin Duniya na Biyu saboda sojojin laima. Ana naɗe hannunsa, a danne kujerarsa, a cusa shi cikin wani dogon bututun ƙarfe, a jefo shi daga jirgin sama. Soja ya dira, ya buɗe bututu, ya miƙar da shi, ya hau. Kaɗan ya ɗara gwiwar babban mutum. Ba fitila, ba makulli. Giya ɗaya, birki ɗaya.

Kofur Mainasara, mutumin Argungu, ya zo Masar cikin sojojin Najeriya masu aikin ƙarfi. Da yaƙi ya ƙare abokansa suka koma gida, shi ya zauna, ya sayi Gajere haɗe da bututunsa a gwanjon kayan soja. Kofur ya ce sau biyu aka jefo babur ɗin daga sama. Wanda bai yarda ba ya je makabarta ya tambaye shi. Da Kofur zai bar duniya bai bar gona ba, bai bar gida ba. Abin da ya bar wa ɗansa shi ne Gajere, da ɗan gwangwanin awo ɗaure a wuyansa.

Marigayin mai haƙuri ne, ba shi da ci. Shekara arba'in da doriya yana ɗaukar Malam Iliya da kulolin tuwon da uwargida Inna take dafa wa ɗalibai 'yan gida. Direbobin mikrobas, ƙananan motocin hayar garin, sun yi masa dariya har sun gaji, ya wuce su suna tsaye a cunkoso. Shekara biyu da suka wuce, lokacin da gari ya rikice aka toshe tituna, shi ya ratsa tsakanin shinge da bango ya samo wa Inna maganin hawan jini. Muryarsa kuwa unguwa ta san ta. Tari biyu, kaf, kaf, sannan tatatata har bakin titi.

Abu ɗaya ya nema a wurin mutane. Ba ya shan fetur zalla. Kowane cikon tanki sai an zuba masa baƙin mai gwangwani guda, a girgiza, a buga famfon hannu, a tura shi da gudu, sannan a haye. Kofur bai yi makaranta ba, ya kiyaye wannan. Malam Iliya aji biyu ya yi, ya kiyaye wannan. Hasan, mijin 'yarsa Rabi'atu, yana neman digiri na uku a fannin fiƙihu, littattafansa sun cika rabin falo.

Ga yadda ajali ya zo. Malam Iliya ya tafi wurin mai aski. Hasan yana sauri ya kai takardun iƙamarsa, wato izinin zama, sai ya ɗauki Gajere ba izini. Ana cikin wahalar mai, ya bi layi har sa'a biyu, ya cika tanki da fetur zalla. Gwangwanin yana rataye a gabansa, yana lilo, yana bugun hannunsa. Bai tambayi kansa ko na mene ne ba. Waya tana aljihunsa, bai kira ba. Marigayin ya ɗauke shi duk da haka. Ya haye da shi gada yana ƙuna ta ciki, ya yi wata ƙara siririya wadda bai taɓa yin irinta ba, ƙiiii, ya tsaya. A rufin mikrobas aka dawo da shi, an ɗaure shi da igiya kamar buhun albasa.

An kira Usta Ɗanmalam, Bahaushen Sudan, makanikin da ke duba shi tun shekara talatin. Ya buɗe injin, ya tarar fistan ya narke ya manne. Kayansa babu su a Masar, babu su a Sudan, masu ƙera su sun daɗe a ƙasa. Usta ya goge hannu ya sunkuyar da kai.

Da aka tambayi Hasan, kalma ɗaya ya samo cikin duk karatunsa. Ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri da Larabcin garin. Malam Iliya yana so a sani cewa ya ji kalmar, kuma bai ga ta tada inji ba.

Marigayin ya rasu ya bar mai shi, da Inna, da ɗalibai ashirin da ɗaya waɗanda tuwonsu zai riƙa isa da sanyi. Ya bar famfonsa, da sifana ɗaya ta zamanin Kofur, da gwangwanin da aka raina. Bai bar magaji ba.

Tun ranar Laraba mai rubabikiya, wato mai sayen tsofaffin ƙarafa, yake kewaya gidan da amalanken jakinsa yana kwarara kira. Ba haka kawai ya zo ba. Wani a gidan nan ya ba shi labari, kuma Malam Iliya ya san ko wane ne.

Za a yi sutura ranar Juma'a bayan la'asar. Ba za a yi salla ba, ƙarfe ne, Malam Iliya ba jahili ba ne. Za a wanke marigayin da kananzir, a naɗe shi yadda ya zo, a mayar da shi cikin bututunsa. An umarci Inna ta kwashe bargunan da take ajiyewa a ciki. Daga nan za a hau da shi bene na shida, zuwa saman rufi, inda zai riƙa ganin jiragen sama suna wucewa. Mutum huɗu za su ɗauka, babu Hasan a ciki. Za a karɓi gaisuwa a nan saman rufin har kwana uku, maƙwabciya Awadiyya ta ɗauki nauyin shayi. Mai niyyar cewa ai tsohon ƙarfe ne ya yi zamansa a gida.

A ƙarshe, domin kada magana ta canza a bakin mutane, ga abin da ya faru yau da safe. Rabi'atu ta shigo ta durƙusa, ta ajiye makulli a gaban mahaifinta.

Ta ce, "Baba, babur ne sabo dal, ɗan Sin, yana ƙasa. Hasan ya ce ka yi haƙuri ka karɓa. Wannan kuma a bar mai rubabikiya ya tafi da shi, kullum ganinsa yana tada maka rai."

Malam Iliya ya dubi makullin. Ya dubi Gajere, wanda ya yi shekara saba'in bai san makulli ba. Ya tura makullin gabanta da yatsa ɗaya.

Ya ce, "Mayar wa mijinki. Ba na karɓa. Kuma abin da ya sauko daga jirgin sama ba ya hawa amalanken jaki."