Yadda Za Ka Kashe Wa Danginka Gwiwa Kafin Gasar Iyo da Keke da Gudu

Gasa ta ƙarato. Ka shekara kana cika baki a garin Agadir na ƙasar Maroko cewa za ka keta teku, ka tuƙa keke har mazauninka ya mutu, ka sauka ka kama gudu, duk a yini guda. Yanzu mai horarwa ya ce a rage atisaye a huta, ga ka nan zaune daga kai sai tsoro. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba mai sa ran komai daga gare ka. Maƙwabcina Si Bushaib ya gwada, kuma wallahi ta yi.

1. Zaɓi gaɓar da za ta ɗauki laifi

Gwiwa ta fi, don ba mai leƙa cikinta. Bushaib ya fara ɗingishi ranar Juma'a, daidai lokacin da aka sauke kuskus a gidan mahaifinsa, Hajj Lahsan. Dattijon bai taɓa ce masa sannu da ƙoƙari ba tun yana yaro, saboda shi kaɗai ma Bushaib ya shiga gasar, don uban ya gan shi ya kai ƙarshe. Amma in ya kasa a gabansa fa? Ka dai riƙa tuna ƙafar da ka zaɓa. Shi ya taɓa mantawa, matarsa Zuhur ta ce, "Ikon Allah! Ciwon ƙaura ya yi?"

2. Je hamam, gidan wankan jama'a, ka samo shaidu

Kwanta mai cuɗa ya taka bayanka, ya naɗe ka kamar tabarma. Kurma ihu har na ɗakin waje su ji. Masana sun tabbatar cewa kafin mutum ya mayar da rigarsa, labarinsa ya isa kasuwar kifi.

3. Ɓata wa teku suna

A wurin shan shayi, dubi ruwa ka girgiza kai ka ce, "Igiyar bana ba irin ta bara ba ce." Ba ruwan kowa da cewa bara ko ƙafa ba ka tsoma ba.

4. Kada ka hana mahaifiyarka aikinta

A wurin uwa, namijin da ya kwanta da rana ba shi da lafiya, magana ta ƙare. Lalla Rukiya, mahaifiyar Bushaib, ta iso da man argan na shafawa da turaren maganin baki.

"Wayyo ɗana, sun cinye min kai da ido!"

"Umma, hutu kawai aka ce in yi."

"Rufe min baki, miƙo ƙafar."

Miƙa mata. Ita za ta isar da sauran saƙon ga dangi, har da ƙari.

5. Rage buri a gaban wanda ya fi muhimmanci

Bushaib ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni dai in na fito daga ruwan nan da raina, alhamdulillahi." Hajj Lahsan ya dube shi ya ce, "To."

6. Girbi abin da ka shuka

Ranar gasa teku ya kwanta luf, gwiwa ko ƙas ba ta ce ba. Bushaib ya yi iyo, ya yi keke, ya yi gudu yana kuka yana salati, har ya tsallake layin ƙarshe da ƙafafunsa. Ya duba dama, ya duba hagu. Dangin kowa sun zo da tutoci da guɗa, nasa ko mutum ɗaya. Ya kira gida a waya.

Zuhur ta ce, "Baba ne ya hana kowa fita. Ya ce ba za a taru a kanka kana jin kunya ba. Ga shi."

"Dawo gida, ɗana," in ji dattijon, da wata murya mai taushi da Bushaib bai taɓa ji ba. "Ba komai. Ba kowa ke gamawa ba."

"Baba, na gama fa!"

"Na ji, na ji. Taho a hankali saboda ƙafar."

A lura: mai wannan nasiha ba ya ɗaukar alhakin nasarar da ba ta da shaida, ko uban da ya tausaya maka a ranar da ka so ya yi alfahari da kai. Kada ma ka zo ka ce in shaide ka, ni ma a gida na zauna.