Hancin Motar Alhaji Nomau

Alhaji Nomau mai injin niƙa yana da wata tsohuwar mota. Daga Kwatano ya sayo ta, lokacin ma ta riga ta ga duniya. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya gaji ya tsaya tun shekara bakwai da suka wuce, a kan kilomita dubu ɗari huɗu da wani abu. Ita ba ta tsaya ba. Babban abin alfaharin Alhaji shi ne ba a taɓa buɗe injinta ba, kuma duk majalisar da ya zauna sai ya faɗa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

A jikin bututun salansar irin wannan mota akwai wani ɗan ƙarfe kamar filogi, da waya a gindinsa. 'Yan boko na ce masa oksijin sensa. Makanikan garejin bakin kasuwa na ce masa hanci, don aikinsa ke nan: ya shinshina hayaƙin da ke fita, ya gaya wa ƙwaƙwalwar mota ta ƙara fetur ko ta rage. In ya mutu, fitila ta kama a gaban direba, mota ta shiga shan mai kamar mai buɗa-baki.

Barmo ne bakaniken Alhaji. Shekara goma sha tara yana ƙarƙashin bishiyar darbejiya ɗaya a garejin. Cikin wata takwas, hanci huɗu ya ɗaura wa motar nan. Na farko ya yi wata uku. Na biyu wata biyu. Na uku bai ga salla ba. Na huɗu Alhaji da kansa ya sa aka aiko da shi daga Kano, a cikin kwalinsa, shi ma kwana ashirin ya yi ya bi 'yan'uwansa. Kowanne in Barmo ya kwance, sai ya same shi baƙi ƙirin, da danƙo, kamar gindin tukunyar mai ƙosai.

Tun a na biyu Barmo ya ce, "Alhaji, injin nan yana cin baƙin mai. Ringin da ke tare mai a cikinsa ya gaji. A sauke shi."

Alhaji ya ce, "Injin da Bature ya rufe da hannunsa, kai ne za ka buɗe? Hanci na kawo maka, hanci za ka canja."

Da na huɗu ya mutu aka kwance shi, Alhaji ya haɗa shi da sauran ukun, bai tsaya jin ta bakin Barmo ba. Ya wuce kai tsaye rumfar Ciyaman Sallau, shugaban makanikan garejin, ya shigar da ƙara. Ya ce Barmo na ɓoye sabon da aka kawo, ya ɗaura masa jabu. Dokar garejin kuwa sananniya ce: wanda aka kama da musanya kaya, ranar zai kwashe sifanarsa ya bar gindin bishiyarsa, kuma babu garejin da zai karɓe shi a garin.

Ranar Juma'a aka zauna, da hantsi. Ciyaman ya zo cikin farar shadda mai sitaci, don daga nan masallaci zai wuce. Makanikai suka ajiye aiki suka kewaye. Har mai fura ta sauke ƙwaryarta.

Alhaji ya zazzage matattun hancin nan huɗu a kan benci. Ya ce, "Ciyaman, ga shaida. Huɗu! Mota ɗaya! Ko annoba ce ai ta bar guda."

Ciyaman ya ce, "Barmo, ka ji. Me ka ce?"

Barmo ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Ya dubi darbejiyarsa, ya dubi bencin. Ya san rantsuwa ba za ta fid da shi ba, don duk wanda aka taɓa kora sai da ya rantse. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da magana. A buɗe but ɗin motar kawai."

Alhaji ya ce, "But kuma? Hancin a but yake?"

"A dai buɗe, Alhaji."

Aka buɗe. Ga safaya, ga jak, ga tabarmar salla. Can ƙurya ga wata jarka mai maiƙo, an toshe bakinta da totuwar masara. Kusa da ita ga mazurari, ga wata tsohuwar hula da ta koma baƙa har tana ƙyalli.

Ciyaman ya ɗaga hular da yatsa biyu. "Alhaji, wannan fa?"

"Matata ce."

"Matatar me?"

"Baƙin mai mana. Injinan niƙa uku gare ni. Duk wata ana juye musu mai. Zubarwa zan yi? Almubazzaranci haramun ne, Ciyaman. In tace shi da hular nan tsaf, kullum da safe in ƙara wa motar gwangwani biyu."

"Kullum?"

"Ban da ran da zan je Katsina. Ran nan huɗu take sha."

Wani daga baya ya ce, "La ilaha illallahu, ashe motar ma niƙa take yi." Aka kwashe da dariya. Alhaji ya juya ya ce wanda ya faɗa ya fito ya maimaita. Babu wanda ya fito.

Ciyaman ya ce, "Gwangwani biyu kullum, Alhaji, ina man yake tafiya? Tana ɗiga ne?"

"Ko ɗigo. Je ka duba inda take kwana, tas yake kamar tsakar masallaci."

Barmo ya ce, "To in ba ta ƙasa yake fita ba, ranka ya daɗe, ƙofa ɗaya ta rage. A tashe ta, ka ji da kanka."

Ciyaman ya tattare shaddarsa ya tsuguna a bayan motar, ya kai fuska kusa da bakin salansa, irin na masana. Alhaji ya shiga ya murza makulli. Da yake a fusace yake, sai ya taka totur har ƙasa. Motar ta yi tari sau biyu, ta yi wata ƙara, sannan ta saki wani hayaƙi shuɗi mai kauri, haɗe da feshin baƙin ruwa. Ciyaman ya faɗi da baya a kan ƙasa. Da hayaƙin ya washe, farar shadda ta zama zabuwa tun daga wuya har gwiwa. Mai fura ta rufe ƙwaryarta ta ƙara gaba.

Sai da aka ba Ciyaman ruwa ya kurkure baki kafin ya iya magana. Idonsa jawur ya ce, "Barmo, koma gindin bishiyarka. Babu abin da ka yi. Ni ma da na yi minti biyar a wurin nan, da a kan bencin za ku jera ni."

Amma Alhaji bai gamsu ba. Ya fito ya zagaya bayan motar, ya ɗan sunkuya, ya ja iska. Shekara talatin yana shaƙar ƙurar barkono a wurin niƙa, hancinsa ya daɗe da yin ritaya. Ya miƙe ya ce, "Ni ban ji komai ba. Mota lafiyarta ƙalau, kun ji yadda ta tashi bugu ɗaya. Ku dai makanikai bakinku ɗaya. Kai Barmo, na yafe maka. Nemo min na biyar, mai kyau, ɗan asali, wanda zai jure. Amma injin nan ba mai taɓa shi."

Barmo ya tattara matattun nan huɗu ya zuba masa a tafin hannu.

Ya ce, "Alhaji, in mutum huɗu suka shiga banɗaki bayan fitowarka, aka fito da su ɗaya bayan ɗaya a sume, ba hancinsu likita zai duba ba. Cikinka za a buɗe."